Inda Na Ajiye Godfrey

Tudun Ƙofa, Keffi
9 ga Oktoba

Zuwa ga angona, Malam Husaini Sadiƙ,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida da sanyin Jos ɗin da ka zaɓa ka bar mu. Mu nan lafiya lau. Kakata Inno tana gaishe ka. Gwiwar ce dai ta matsa mata, yanzu a zaune take salla. Ta ce in tambayi ɗan baffanta ko ya manta hanyar Yara, unguwar da aka haife shi, don tun sunan ɗana rabonka da Keffi. Taufiq ma yana gaisuwa, ko da yake na san ba ka amsa gaisuwar wanda ya ƙwace maka mata.

Tunda kunnen nan naka ya daina jin waya, na ba Zakka direba wannan takarda, shi da ke lodin Jos daga tasharmu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bana ni ke koyar da 'yan aji biyar adabi, kuma littafinka muke karantawa, Mutum Tara a Bayan Mota. Da na ce musu marubucin kakana ne, sai da na kawo hoton bikina suka yarda. Makon jiya muka kai labarin Godfrey, sojan da aka harba a ciki lokacin yaƙin basasa, aka zaunar da shi gaban mota kusa da direba, yana ba da labarin yadda ya je neman auren Susana da aron takalmi. Har masu barcin bayan aji sai da suka farka. Sai muka zo layin ƙarshe: “Suka iso asibiti, aka buɗe ƙofar mota.” Shi ke nan. Wani yaro ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ce maɗaba'a ta cinye mana sauran.

Akwai wata yarinya, Priskila, ba ta cika magana ba. Ta tsaya bayan an tashi, ta ce, “Malama, ya rayu ko bai rayu ba?” Na ba ta amsar da aka koya mana a jami'a, cewa salonka ne ka katse labari don mai karatu ya yi tunani. Ta ce, “Malama, ba salo na tambaya ba.” Tun ranar, duk darasi sai ta sake tambaya.

To ga shawarata. Kowane yaro zai rubuta wa Godfrey ƙarshe, su karanta a ranar adabi ta makaranta, shida ga Disamba, kai kuma ka zo ka saurara, ka faɗa musu wa ya canka. Ka zo, tsoho. Zan yi maka sakwara da sabuwar doya.

Taka,
Nasiha

*

Jos
20 ga Oktoba

Amarya mai ƙona tuwo,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso, Zakka ya karɓi ladan kawo ta har da shayi. Lafiyata ƙalau in ban da kunne da baya da rashin mata ta gari. Ki ce wa Inno gwiwa ba ta ciwo sai ga wanda ya yi yawon biki da yawa yana yaro. Shi kuwa Taufiq, ki ce masa ban yafe ba, kuma in ya rame kada ya zo wurina, ni na gargaɗe shi kan girkinki.

Wato har an ba ki yara ki koyar? Ke da kika kai shekara bakwai kina rubuta sunanki daga dama zuwa hagu? Allah ya ji ƙan ilimi.

Ba zan zo ba. In na zo me zan ci, sakwarar da ake jifan kare da ita?

Batun Godfrey kuwa, ki bar shi inda na ajiye shi. Kada yaranki su taɓa shi. Ki ba su wani aikin, su rubuta yadda aka yi malamarsu ta samu miji, wannan ma labari ne da ba wanda ya san ƙarshensa.

Ki aiko min da man gyaɗa na wurin Inno, na nan duk ruwa ne.

Angonki na fari,
Husaini

*

Tudun Ƙofa, Keffi
3 ga Nuwamba

Angona marar haƙori,

Ina gaisuwa, ina fata bayan ya yi sauƙi. Ga man gyaɗa nan wurin Zakka, ka duba murfin, don ban yarda da direban nan ba. Inno ta yi dariya har da tari da na karanta mata zancen gwiwa.

“Ba zan zo ba.” Haka ka rubuto lokacin bikina, sai ga ka ka riga masu kiɗa isowa. Haka ka ce lokacin sunan ɗana, ka zo da rago. Na san yarenka. Saboda haka na gaya wa shugaban makaranta ka amsa, an buga katin gayyata da sunanka, an kuma ba mai zane ya rubuta ƙyallen da za a rataya a bakin get: “Barka da zuwa, gwarzon fagen fama da alƙalami.” Ni na tsara kalmomin, kada ka ce ba su yi ba.

Yaran sun yi aikin, kuma ban taɓa ganin sun yi wani aiki da irin wannan zumuɗi ba. Ga su nan duka a cikin ambulan. Wani ya sa jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki Godfrey zuwa Ingila. Wata ta kashe shi, ya riƙa zuwa wa Susana a mafarki. Akwai wanda ya aurar da Susana ga direban, wato kai tunda tuƙi ka yi a soja, ka ga an yi maka gata. Turancin da suka cusa a ciki ka yi haƙuri da shi, 'ya'yan gefen Abuja ne.

Priskila ce ta ƙarshen kawowa. Nata shafi ɗaya ne, yana can ƙasa. Da ta miƙo ta ce, “Malama, shi zai faɗi gaskiyar, ko?” Na ce mata ƙwarai, ai shi ya rubuta.

Ka faɗa wa Zakka ranar da zai ɗauko ka.

Amaryarka,
Nasiha

*

Tudun Ƙofa, Keffi
17 ga Nuwamba

Tsoho,

Ina fata lafiya. Shirun ya yi yawa. Zakka ya rantse ya ba ka ambulan hannu da hannu, ya ce ka karɓa ka shiga ciki, ko shayin ba ka ba shi ba. Ya koma, aka ce kana nan amma ba ka da saƙo. Inno ta fara cewa ko rashin lafiya kake ɓoyewa.

In wasa ne, ya isa haka. Shugaban makaranta yana tare ni a baranda yana tambayar ko za a nemo maka masauki. An gayyaci iyaye. Yara suna haddace abin da suka rubuta. Ni kuma kullum sai na bi ta tasha kafin in wuce gida, har 'yan kamasho sun fara ce min “Madam, no letter today.”

Layi biyu ya ishe ni.

Nasiha

*

Jos
21 ga Nuwamba

Malama Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, a gaya wa Inno ta kwantar da hankalinta.

Ga takardun ɗalibanki na dawo da su. Na karanta biyu na sama, ban ci gaba ba. Na rubuto miki cewa kada a taɓa labarin nan, kika sa aka taɓa. Na ce ba zan zo ba, kika buga sunana.

Godfrey ba suna ne da na ƙirƙira ba. Mutum ne, jininsa ya jiƙa min wando. Ba za a sa shi a jirgi ana dariya ba, ba kuma za a ba ni matarsa ba.

A cire sunana daga katin. A sauke ƙyallen. Ni ba gwarzon komai ba ne, mota na tuƙa.

Husaini Sadiƙ

*

Tudun Ƙofa, Keffi
24 ga Nuwamba

Kaka,

Ina gaishe ka da girmamawa. Muna lafiya. Da na fara karanta wa Inno takardarka, ina cewa “Malama Nasiha” ta ɗaga hannu ta ce, “Tsaya. Wannan ba wasa ba ne. Me kika yi masa?”

An sauke ƙyallen. Na je ofishin shugaban makaranta na ce masa ba za ka zo ba, kuma kuskuren daga gare ni ne. Abin da ya faɗa min ba sai na maimaita ba. Ka yi haƙuri da zancen Susana, wallahi ban san mutane ne na gaske ba.

Amma Kaka, ni ma raina a ɓace yake, kuma zan faɗa. Tun ina rarrafe ba ka taɓa gaya min magana ɗaya da gaske ba. Ka ce ni mummuna ce, ka saya min 'yan kunne. Ka ce ba ni da kai, ka biya min kuɗin jarrabawa. Haka jika da kaka suke, na sani, ni ma ina jin daɗinsa. To ka ɗauki maganar da ta fi kowace nauyi a wurinka, ka sa ta tsakanin sakwarar jifan kare da man gyaɗa. Ta ina zan gane? Littattafanka ana karanta su har a jami'a, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa jin kalma ɗaya daga bakinka kan yaƙin nan. Inno ta ce ranar da ka dawo daga yaƙin, tuwo ka ci, ka kwanta, washegari ka tafi neman aiki.

Yanzu ga abin da ban sani ba sai jiya. Da na gaya wa aji ba za ka zo ba, sauran suka yi gunaguni suka wuce. Priskila ba ta zo makaranta ba washegari. Na bi ta gida, bayan kasuwa. Mahaifinta soja ne, Saje Jonatan, yana arewa maso gabas. Tun cikin damina wani abokin aikinsa ya bugo wa uwar waya, ya ce an ji masa rauni, ya ga an sa shi a mota. Daga nan ba wanda ya sake cewa komai. Uwar ta yi ta zirga-zirga, duk inda ta je a ce ta jira. Yarinyar nan ta zauna a ajina tana jin labarin wani da aka sa a mota, ni kuma ina mata bayanin salo.

Ni na ce mata za ka faɗi gaskiyar. Ba na neman ka zo. Ga shafinta shi kaɗai na dawo maka da shi, don ba ka kai gare shi ba. Ba jirgi a ciki, ba mafarki. An shigar da Godfrey, wata ma'aikaciyar jinya ta durƙusa ta tambaye shi sunan garinsu da wanda za a gaya wa, ya faɗa, ta rubuta. Nan ta tsaya.

Ka rubuto min kalma ɗaya in kai mata: ya rayu, ko bai rayu ba. In ma ba ka so, ka ce ya rayu. Wa zai kama ka?

Jikarka,
Nasiha

*

Jos
29 ga Nuwamba

Nasiha,

Na gaishe ki, na gaida Inno. Kin yi gaskiya kan abu ɗaya: ban iya yi miki magana ba sai da wasa. Na zauna zan rubuta waccan takarda da gaske, hannuna ya ƙi. Yau zan gwada.

Kalmar da kike nema ba ni da ita. Ban sani ba. Kuma ba zan ce ya rayu ba, domin yarinyar za ta ɗauka ta kai wa uwarta.

Ina ɗan shekara goma sha tara aka ba ni babbar mota, aikina in kwaso masu rauni daga bakin daga in kai su asibiti. Asibitin wata makaranta ce aka kwashe bencinan. Motar ba ta da sitata, in ta mutu sai an tura, kuma ba masu turawa. Don haka doka ce ba a kashe ta. In tsaya a bakin get, ƙafata a kan totur, masu ɗauka su fito su sauke mutane, a watsa bokitin ruwa a bayan motar, saje ya buga ƙofa, in juya. Ban taɓa taka cikin makarantar nan ba.

Wanda ya fi jin jiki shi ake sa min a gaba. Aka ce kada in bari ya yi barci, in ya yi barci ya tafi. Ni ba likita ba, abin da na iya shi ne tambaya. Ina ne garinku? Wa ka bari a gida? Sai me ya faru? In ya yi shiru in daka masa tsawa, sai me ya faru? Haka suka riƙa ba ni labari, da Hausa, da Turancin bariki, wani da yaren da ba na jin ko kalma. Ba wanda ya taɓa gamawa. Muna isa get ake buɗe ƙofa. Godfrey yana daidai inda uban Susana ya kalli takalmin ya ce ya san mai shi.

Masana sun yi ta tambayata me ya sa ban taɓa rubuta dogon littafi ba. Tsawon hanyar ke nan. Na gwada wuce get ɗin a takarda ba sau ɗaya ba. Duk abin da na rubuta bayan an buɗe ƙofar ƙarya ne, ina ji a jikina. In na raya shi, na yi wa waɗanda suka mutu ƙarya. In na kashe shi, wataƙila yana can wani gari da jikoki.

Na karanta shafin yarinyar. Na sake karantawa. Ba ta raya shi ba, ba ta kashe shi ba. Ta tsaya ne a inda masu ɗauka ke tsayawa, ta cikin get. Ban taɓa tunanin akwai mai tambayarsu suna a ciki ba. Ina fata akwai.

Zan zo. Ba ƙyalle, ba kiɗa, kada kowa ya tambaye ni ko na taɓa harbi. Sauran ƙarshen ki ba masu su, su ajiye. Zan karanta nawa har inda na sani, ita ta karɓa daga nan. Ki gaya mata tun yanzu cewa ba ni da amsa, kada ta ji a gaban jama'a.

Husaini

*

Tudun Ƙofa, Keffi
8 ga Disamba

Tsohon banza,

Ina fata ka isa lafiya, ko da yake ba ka cancanci a tambaya ba. Inno ba ta gaishe ka. Ta sa aka kama ta aka kawo ta makaranta da gwiwar nan, ta yi sabon lalle, ta ga ƙeyarka kawai. Sakwarar kuwa Taufiq ya cinye, ya ce a gode maka.

Na gaya wa Priskila tun kafin ranar, kamar yadda ka ce. Sai ta ce, “To shi ma jira yake?” Na ce wataƙila. Ta ce za ta karanta.

Ban san me zan ce da kai ba. Ka shigo, ka ƙi kujerar da aka tanada, ka karanta a tsaye. Kowa a ɗakin taron ya kasa kunne, har da iyayen da suka zo da jarirai. Ka kai “aka buɗe ƙofar mota,” ka miƙa wa yarinyar littafin da hannu biyu. Na juya in ga ta hau dandamali lafiya, na waigo, babu kai. Na bi ka da gudu da takalmi mai tsini, a gaban shugaban makaranta. Ina isa get motar Zakka ta hau titi. Jiya na tare shi a tasha, ya ce tun daga Akwanga ka gargaɗe shi kada ya kashe mota, ya tsaya a bakin get yana ƙona mai.

Na gane, Kaka. Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Amma ganewa ba ta hana ni jin haushi ba. Wannan makarantar ba waccan ba ce. Bencinanmu suna nan, ba saje a bakin ƙofa, ba wanda ke jiran ka koma ka ɗauko shi. Yarinyar ta ɗago kai tana neman ka kafin ta fara.

Labarin mahaifinta har yanzu shiru. Uwar ta zo taron, ta zauna a layin baya.

Zakka ya ce kun wuce Garaku kafin ka buɗe baki, kuma abin da ka ce shi ne, “Ko ta iya karantawa?” Ya ce in rubuto maka amsa, don ka dame shi da tambayar har Jos.

Ba zan rubuta ba. Na san yadda ta karanta, na san abin da uwar ta yi, na san abin da Priskila ta ce in gaya maka. Wannan karon akwai wanda ya san ƙarshen, kuma yana Tudun Ƙofa, gida na uku bayan masallaci. Littafinka ma yana hannun yarinyar, ta ce ba za ta ba Zakka ba, sai mai shi.

In kana son ji, ka zo ka shigo ciki, ka ce wa Zakka ya kashe mota.

Amaryarka, in ka ga dama,
Nasiha